Bayani a kan Ladabin Tambaya, da Aibin Wadda Ba Ta Jiran Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya ba ɗan Adam harshe guda da kunne biyu. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan 'yar takarda ce a kan wani aibi da ya game zancenmu na yau da kullum, wanda ya fi fitowa fili a ƙofofin kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda lebura da dillali da mai sari da almajiri suke haɗuwa a teburin mai shayi guda. Aibin kuwa shi ne muna yawaita tambaya, amma kaɗan ne daga tambayoyinmu suke jiran amsa. Dalilinsa, amsa nauyi ce, mu kuwa muna son ladan tambaya ba tare da ɗaukar nauyinta ba.

Fasali na farko: gaisuwa daban, tambaya daban

Ka sani, ya ɗan'uwa, Bahaushe ya ƙera gaisuwarsa da siffar tambaya, kuma ya yanka wa kowace amsarta tun ba a haife ka ba. Ina kwana, lafiya. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina labari, sai alheri. Wannan al'ada ce mai kyau, ba abar zargi ba ce, domin sutura ce da take barin mai yunwa da mai ƙoshi su tsaya sahu guda ba wanda ya ji kunya. Kuskure yana shigowa ne sa'ad da mutum ya ɗauka ya yi tambaya, alhali gaisawa kurum ya yi. Wanda aka sallama daga aiki jiya, in ka ce masa ina aiki, da godiya zai ce, kuma bai yi maka ƙarya ba, ya dai ba gaisuwa haƙƙinta. Kai ne ka tafi da amsar gaisuwa kana zaton labari ka samo.

Dubi abin da ya wuce a kan waɗannan unguwanni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da fata da ƙirgi suka sami hanya zuwa bakin teku. Masana'antu suka fara kafuwa a Bompai tun kafin samun 'yancin kai a 1960, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya, aka yi masaƙu da majemu da kamfanonin man gyaɗa da alewa da roba da sabulu. Dokokin mallaka wa 'yan ƙasa kamfanoni na 1972 da 1977 suka shigar da attajirai da yawa cikin hannun jari. Sa'an nan a 1986 aka zo da shirin tsuke bakin aljihu, naira ta faɗi, kayan gyaran inji da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wutar NEPA ta gaza, aka koma ga janareta da baƙin mai. A 1997 aka ɗage hanin shigo da yadi, daga baya atamfar Sin ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa. A 2023 aka cire tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi matsayinta a kasuwa, a Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A fiye da ninki uku. To, a tsawon wannan hawa da gangara duka, amsar da ake bayarwa a ƙofar kamfani ba ta sake ba, da godiya ce ranar da ake ɗaukar ma'aikata, da godiya ce ranar da ake sa kwaɗo.

Mai kawo fata bashi, da mai abincin da take rubuta wa ma'aikata zuwa ƙarshen wata, da mai gidan haya, duk wanda ya dogara da wannan amsa a cikinsu ya gina kasuwancinsa a kan gaisuwa. Da ya ce, “Malam, har yanzu ana aikin dare kuwa?” ko “Motoci nawa suka yi lodi a makon nan?” da ya san halin da ake ciki, ba tare da ya tona asirin kowa ba. Kamfani ba ya mutuwa rana ɗaya. Aikin dare ne yake fara tsayawa, sai albashi ya fara jinkiri, sai a ce wasu su zauna a gida zuwa an neme su. Alamomin a fili suke ga wanda ya iya tambaya.

Fasali na biyu: tambayoyi uku abin ƙi

Idan muka ƙetare gaisuwa, sau da yawa cikin ɗayan ramuka uku muke faɗawa.

Na farko, tambayar ƙure. Wannan cutar ɗalibai ce tun asali. Mutum ya kwana yana haddace mas'ala daga sharhi, ba don ya sani ba, domin ya riga ya sani, sai don ya jefa wa wani a zaure a ga ya yi shiru. Yanzu ta fito daga zaure ta zauna a bencin mai shayi, ana yin ta a kan siyasa da saɓanin malamai. Alamarta ita ce mai tambaya yana baƙin ciki idan aka amsa daidai. Natijarta kuwa, masu sani su kame baki, fili ya zama na masu ƙarfin murya.

Na biyu, tambayar tonon asiri. “Nawa suke biyanka?” “Har yanzu ba su mai da kai cikakken ma'aikaci ba?” Ana yin ta a gaban jama'a, kuma mai yin ta ba shi da abin da zai yi da amsar sai ya kai ta wani benci. Dokar 2024 ta yanka mafi ƙarancin albashi naira 70,000, mai aikin yini da ɗan kwangila ya kawo kuwa ya san inda nasa ya tsaya. Idan ka tambaye shi cikin mutane, ka tilasta masa zaɓi tsakanin ƙarya da kunya, kuma ko wacce ya ɗauka kana da kaso a ciki.

Na uku, tuhuma da aka yi wa rawanin tambaya. Inji ya tsaya, shugaban leburori ya iso yana cewa, “Wa ya ɓata shi?” Yaron shago ya dawo kuɗi ba su cika ba, maigida ya ce, “Me ya sa ba ka da hankali?” Wannan hukunci ne aka riga aka yanke, babu amsar da ake jira sai rantsuwa ko shiru. Kowa zai kare kansa, dalilin ɓarna kuma ya zauna inda yake, gobe ya sake aukuwa. A ƙasar Japan, a kamfanin Toyota da kuka san motocinsa, wani shugaban aiki mai suna Taiichi Ohno ya shahara da koya wa mutanensa cewa idan inji ya tsaya a tambayi dalili, a sake tambayar dalilin dalilin, har sau biyar, sai an isa ga tushe. Tambayar tasa a kan aikin take, ba a kan wuyan ma'aikaci ba, don haka ma'aikaci yake iya faɗin gaskiya. “Yaya aka yi?” tana buɗe bakin da “wa ya yi?” take rufewa.

Fasali na uku: abin da ya auku a Challawa

Kada ka ce wannan ƙaramin al'amari ne na ladabin hira. A watan Yuni na 2020, lokacin kullen annobar korona, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin shinkafa a Challawa suka fito da ma'aikata fiye da 100. Ma'aikatan suka ce kusan wata uku ke nan an hana su fita, an yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, wanda ya nemi tafiya kuma a ce ya rasa aikinsa. Ba a buɗe ƙofar ba sai da kukansu ya isa ga wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam.

Laifi yana kan wanda ya riƙe makulli, babu ja a kan wannan. Amma izina tamu ce. Idan aka ce ina wane, aka ce yana wajen aiki, zance ya ƙare, zuciya ta natsu, domin amsar tana da daɗin ji. Tambayar da take bayanta ita ce, “Yana iya fitowa idan ya so?” Wannan 'yar tambaya ita ta raba ma'aikaci da fursuna. Tana da wuyar yi, saboda idan aka ce a'a, to wajibi ya hau kan wanda ya ji, ko ya kai ga mai unguwa, ko ga hukuma, ko ga wanda zai iya. Ga inda nauyin yake, ga kuma dalilin da ya sa muke tsayawa a tambayar farko.

Fasali na huɗu: sharuɗɗan tambaya ta gari

Ɗalibai sun san Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Asalinta tambayoyi ne da Asad ɗan Furat ya yi wa Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik, sa'an nan Sahnun ya koma ya sake bitarsu da shi ya tsara. Sun san kuma Askiya Muhammadu na Songhai ya tambayi Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amsoshin suka zama littafi da na baya suka amfana da shi. Da masu tambayar nan sun yi sakaci, da ilimin ya tafi tare da ƙirazan masu shi. Abin da ya inganta a babban fage yana inganta a ƙarami, kuma sharuɗɗansa huɗu ne.

Na ɗaya, ka tambayi abin da ba ka sani ba kuma kake da buƙatar sani. Wannan ya kori ƙure da tsegumi gaba ɗaya.

Na biyu, ka tambayi abin da yake da iyaka. “Yaya aiki?” teku ce, ba mai iya ɗebe ta, don haka ake ba ka kofi guda da aka tanada. Amma ka ce wa yaron da ya shiga majema, “Me kake taɓawa da hannunka? Sun ba ka safar hannu da takalmin roba?” Majemun zamani ba da bagaruwa suke jima ba irin ta kakanninmu, da farar ƙasa mai ƙuna da gishirin kuromiyam suke yi, masu cin fatar mutum da taɓa numfashi. Wannan tambaya tana iya tsare hannu. Haka mai sarin ganye, da ya saba da nawa ne kwando, ya ƙara da, “Baba, da wane ruwa ake ban ruwan nan?” Domin rafin Getsi yana kwaso dagwalon Bompai ya haɗu da Jakara, Salanta tana kwaso na Sharaɗa, ana kuwa noman rani a gaɓarsu. Ya tambaya da tausasawa, saboda manomin ba shi ya ɓata ruwan ba, ya riga kowa shiga cikinsa.

Na uku, ka zaɓi wuri da lokaci, ka bar wa mutum ƙofar fita. Maganar kuɗi da bashi da iyali ta keɓe ce. Ka ja shi gefe bayan an watse, ka ce, “Yaya, na ga kwana biyu ba ka fita da asuba, ko akwai abin da zan iya?” In ya ce babu komai, ka karɓa, ka riga ka nuna masa inda ƙofarka take.

Na huɗu, shi ne mafi nauyi, ka yi shiru bayan ka tambaya, kuma ka shirya wa amsa. Da yawa suna tambaya ne don su sami gaɓar ba da nasu labarin. Kafin mutum ya haɗiye yawu sun ce ai mu ma haka, sun karɓe zancen. Wanda yake da damuwa ba ya fito da ita a numfashin farko, sai ya gwada ka da kaɗan ya ga ko kana nan. Idan ya faɗa, to ta zama amana, ka taimaka da abin da kake iyawa, ko hanya, ko rance, ko shawara, ka kuma rufe bakinka a kanta.

Fasali na biyar: wani ishkali da jawabinsa

Idan ka ce, ai an hane mu da bin diddigin mutane, kuma kunya da kawaici su ne adon Bahaushe, ashe wannan ba kira ba ne zuwa shiga sharo ba shanu? Sai mu ce, hanin gaskiya ne, amma abin da aka hana shi ne neman aibin da mutum ya suturta. Abin da muke kira gare shi neman buƙatar da kunya ta hana shi faɗa. Ma'aunin da zai raba maka su guda ne: ka tambayi kanka, in ya amsa, wa zai amfana? In shi ne, ko wanda haƙƙinsa yake wuyanka, to tambaya. In ba kowa sai kunnenka, to kame. Kawaicin da ya bar maƙwabci ya kwana uku ba a ɗora tukunya a gidansa ba, alhali kuna gaisawa sau biyar a yini, sunan kawaici kurum ya ara.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haɗa biyun ka ga hukunci: mai ɗakin yana gabanka, ya sani, kuma ba zai faɗa ba sai an tambaye shi yadda zai iya amsawa. Saboda haka ka cika gaisuwa yadda ka gada, kada ka rage mata komai. Idan ta ƙare, ga mutumin da yake da haƙƙi a kanka, ka ƙara tambaya guda wadda ba ka san amsarta ba, sa'an nan ka tsaya ka ji.

Allah ya sa mu cikin masu saurare da masu riƙon amana. Allah shi ne mafi sani.