Har Yanzu Yana Cikin Manya? Yadda Ake Auna Gwarzon Kokowa a Ƙasar Tawa

Da zarar an ɗaure damman hatsi, hunturu ya fara busawa, lokacin kokowar takobi ya matso, sai wata gardama ta farfaɗo a fadojin shayi daga Birnin Ƙonni zuwa Tsarnawa, Galmi, Malbaza, har Badagishiri da Illela. Gardamar ba a kan wanda zai ɗauki takobi kaɗai take tsayawa ba. Mafi zafinta a kan wanda ya taɓa ɗauka ne: wane har yanzu yana cikin manya, ko kuwa suna ne ya rage? Mai sayar da albasa yana da hukuncinsa, ɗan kabu-kabu yana da nasa, ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza ma haka, kuma kowa yana faɗin nasa kamar a gabansa aka auna. Wannan hukunci na baki, wanda babu alƙali babu takarda, ya zama al'ada mai ƙa'idojinta, kuma yawancin ƙa'idojin suna ruɗar masu amfani da su.

Sai an san yadda aka gina gasar kafin a gane inda ruɗun yake. A Tawa aka fara ta a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukar takobin. A yau jahohi takwas ne suke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa goma, tamanin ke nan. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai. Wanda duk aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da kuwa ranar farko ce, ko da shi ne yake riƙe da shi. Kullum gidajen rediyo suna ƙidaya waɗanda ba su faɗi ba, adadin yana raguwa, har a kai ga biyun ƙarshe.

Wannan tsari shi ya sa gasar take da daɗin kallo, shi ne kuma ya lalata ma'auninmu. Ya koya mana mu ɗauki faɗuwa ɗaya a matsayin shaidar komai. Alhali duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya san abubuwan da suke kayar da mutum suna da yawa: yashi ya zame a ƙarƙashin diddige, gumi ya sa riƙo ya suɓuce, zazzaɓin daren jiya, ko yaro sabon shiga wanda ba a san salonsa ba ya nutsa ya kama ƙafa tun ba a gama daidaita tsayuwa ba. Mutum ya yi shekara yana shiri, daƙiƙa kaɗan ta raba shi da takobi. A ce wannan daƙiƙar ita ce za ta gaya mana ko ƙarfinsa ya ƙare, an ɗora mata nauyin da ba za ta iya ɗauka ba.

A ɗaya gefen kuma akwai maroƙa, su ne masu ja zuwa sama. Aikin mawaƙin kokowa, tun daga irin su Sagalo har kan mai gangar ƙauye, shi ne ya tuna wa gwarzo waɗanda ya kayar da garuruwan da ya kayar da su. Kirari ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Ba a taɓa jin maroƙi ya cire baiti don gwiwar ubangidansa ta fara ciwo ba, kuma ba laifinsa ba ne, sana'ar ke nan. Matsalar tana ga mai sauraro da yake jin tarihin shekara goma ana rera shi da zafin yau, sai ya ɗauka labarin yau ne. Filayen ma sunayen mazan jiya suke ɗauke da su: Hamidin Maidare a Tawa, Kantu a Maraɗi, Salma Ɗan Rani a Doso, Langa-Langa a Damagaram. Ƙasar da take girmama magabata haka abar yabo ce, amma takan yi nauyin baki wajen gaya wa mai rai cewa lokacinsa ya wuce.

Kishin jaha ba sai an tsaya a kansa ba. Ɗan Tawa idan nasa ya faɗi tsautsayi ne, idan na Doso ya faɗi tsufa ne. Zancen asiri kuwa ya fi wannan wayo, domin yana rufe gardama gaba ɗaya. Mutum ya shigo fili da guraye da kambuna da robar rubutu yana kwarara wa kansa, in ya yi kaye a ce malaminsa ya iya aiki, in an kayar da shi a ce an karya masa laya. Ta kowace fuska babu wanda ya tambayi ƙafafunsa.

Labarin Kadiri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka na Doso, ya isa darasi ga masu gaggawa. Bayan takubbansa biyu na farko, a 2017 takobi ya tsaya a Tawa a hannun Yahaya Kaka, wanda ya biyo baya kuma Tasi'u Sani ya riƙe shi a Damagaram. Gasa biyu a jere ba Isaka, kuma a kokowa wannan ya isa a fara cewa an gano lagonsa. Sai ya dawo ya ɗauka a Tilaberi. Daga baya ya jera uku, Yamai da Difa da Agadas, inda a ƙarshen Disamban 2023 ya yi nasara a kan Aibo Hasan na Maraɗi ya cika takobi shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Shekara guda bayan haka aka kai gasar Doso, gidansa, takobi kuma ya tafi Yamai a hannun Abba Ibrahim. Nan take tsohuwar magana ta dawo, wai zamani ya juya. Wataƙila. Amma masu faɗin haka da ma'aunin da ya taɓa ba su kunya suke sake awo.

To me ya kamata a duba? A nan ne dattawan bakin fili suka fi masu sharhin wayar hannu, domin su ba faɗuwa suke jira ba. A kokowar kaka ta ƙauyukan Alela ko Bazaga, inda ake zagaye fili da jama'a kawai, makaɗa a gefe guda, ƙura tana tashi a hasken fitila, za ka ga tsoho wanda ya yi tashensa ya ajiye walki yana zaune bisa tabarma bai ce uffan ba. Gwarzo ya yi kaye, fili ya kaure da guɗa, saurayi ya juyo ya ce, "Baba, ka gani? Har yanzu shi ne." Tsohon ya ce, "Ɗana, na gani. Amma ka lura sau biyu yaron nan yana taɓa masa gwiwa? Bara ko kusa ba ya kai wa." Saurayin ya kalli ƙarshen kokowar ne, tsohon ya kalli tsakiyarta.

Abin da irin wannan tsoho yake dubawa ba ya shiga lissafi. Yana duba tsayuwa: shin gwarzon yana iya daɗewa a sunkuye, ƙugu a ƙasa, ko bayan ɗan lokaci sai ya miƙe don baya ya huta? Ɗan kokowar da ya fara miƙewa ya buɗe ƙofar ƙafafunsa. Yana duba hannu, wa yake fara samun riƙon da yake so, wa yake tilasta wa ɗan'uwansa ya yi irin kokowar da bai iya ba. Yana duba abin da yake faruwa idan an harɗe shi ko an yi masa taɗiya, domin ƙarfin ɗauka yakan daɗe a jikin namiji, saurin gyara tsayuwa bayan an girgiza shi ne yake fara tafiya. Yana kuma sauraron numfashi. Babba a cikinsu duka, yana duba idon abokin karawa. Hausawa sun ce faɗuwar gaba asarar namiji, kuma rabin kayen manya tun kafin a kama juna suke yin sa. Ranar da yara suka daina ja da baya suna neman lokaci ya cika, suka fara shiga jikinsa da gangan, ranar wani abu ya canza ko da shi ne ya yi nasara.

Wanda ma'aunin fada ya fi zalunta shi ne ɗan kokowa mai tsaro, wanda gwanintarsa ita ce ba a kayar da shi. Ba ya ɗaga mutum sama, ba ya sa fili ihu, sau da yawa ma da yawan gargaɗin da alƙalin wasa ya yi wa abokin karawarsa yake wucewa. Idan shekaru suka ja, manya da dama ga wannan salo suke komawa, sai a ce tsoro ne. Wani lokaci tsoron ne. Wani lokaci kuma ilimi ne, mutum ya san inda ƙarfinsa ya tsaya yana kashe shi da lissafi. Bambanta biyun shi ne aikin mai kallo na gaske: mai tsoro gudun riƙo yake yi, mai ilimi yana ba da riƙo ya hana a yi komai da shi.

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A wasan hoki na kan ƙanƙara da ake yi a Amurka da Kanada, ɗan baya Erik Karlsson, mutumin Suwidin, ya karɓi kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya a 2012 da 2015, sannan raunuka suka taso shi gaba har aka fara cire shi daga sahun farko. A kakar 2022 zuwa 2023 ya tara maki 101 ya sake karɓar kyautar. Su da suke buga wasa 82 a kaka a lokacin, da ƙididdiga ta kowane motsi, sun yi kuskuren binne mai rai, balle mu da muke yanke hukunci da kaye ɗaya. Senegal kuma ta nuna ɗaya fuskar. Ɗan kokowarta Yekini ya shafe kusan shekara goma sha biyar ba a kayar da shi ba, sai Balla Gaye 2 ya kayar da shi a Afrilun 2012. Ya dawo a 2016, Lac de Guiers 2 shi ma ya yi nasara a kansa, ya ajiye kokowa. A wurinsa faɗuwar farko da gaske alama ce, amma sai ta biyu ta tabbatar.

Akwai wata taga da gasarmu take buɗewa wadda ba a cika leƙawa ba. Wanda ya faɗi ba ya komawa gida, yana ci gaba da kokowa wa jaharsa a sauran karawar. A waɗannan kwanaki, takobi ya riga ya kuɓuce, maroƙa sun koma wajen waɗanda suke tsaye, nan ake ganin ainihin mutum. Gwarzon da ya faɗi ranar biyu amma ya kayar da duk wanda aka haɗa shi da shi bayan nan, har ya fitar da wani daga cikin masu neman takobi, bai bar sahun manya ba. Wanda kuwa faɗuwa ɗaya ta jawo masa ta biyu da ta uku a hannun waɗanda da ba sa iya tsayawa gabansa, ya ba da amsa da kansa.

Gardamar nan ba hira ce kawai ba, domin gurbi goma ne jahar Tawa take da shi, kuma daga ƙananan hukumomi ake tacewa har a kai ga goman. Duk gurbin da aka bar wa suna don kunya, an hana shi wani saurayi daga ƙasar Ƙonni ko Illela wanda, idan bai samu shiga bana ba, baɗi yana Abijan ko Legas wajen ci-rani. Duk tsohon gwani kuma da aka yar saboda kaye ɗaya, jaha ta yi asarar wanda zai riƙe yara a ranar da fili ya yi zafi.

Hukuncina a kan Isaka Isaka shi ne rasa takobin Doso kaɗai bai fitar da shi daga cikin manya ba, takubba shida kuma ba za su riƙe masa gurbi har abada ba. Haka yake ga namu na Tawa. Masu zaɓen ƴan kokowar jaha da masu gardamar fada, kafin ku ce wane ya ƙare, ku faɗi wanda ya kayar da shi, da yadda aka kayar da shi, da abin da ya yi a karawar da ta biyo baya.