Zauren Faifai

Gidan da ya yi biki a Daura a farkon shekarun 2000, da wuya ka rasa ledar faya-fayan VCD a ƙasan akwati. Namu biyar ne: uku na auren yayata, biyu na Sallar Gani ta zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya rasu a 2007. Wuri ɗaya tak Hajiyarmu ke so, inda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ke raba goro a wajen ɗaurin aure. Kafin a kai nan kuwa sai an yi ta danna rimot, a wuce, a dawo, faifan ya cije, har ta ce a bari.

Shi ya sa na kwashe su zuwa wani ɗan shago kusa da kasuwa, wurin wani bawan Allah da ke juye tsofaffin faya-fayai zuwa DVD. Ya ɗaga kowanne ya haska shi a bakin ƙofa, ya goge da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe, sannan ya ce, "Malam, juyewa kawai kake so, ko da menu?" Na ce ya fahimtar da ni. Ya ce faifai marar menu gida ne babu zaure, kana shiga sai tsakar gida. Mai menu kuwa yakan tsayar da kai a bakin ƙofa, ka zaɓi ɗakin da za ka.

Juyewar kanta da wuyarta. VCD, wanda ya fito a 1993, minti 80 ne iyakarsa, hotonsa kuma ƙarami ne, ɗigo 352 a kwance, 288 a tsaye. DVD na cin gigabayit 4.7. Mai gaggawa sai ya sa kwamfuta ta buɗa hoton ya kai 720 da 576, wai don ya yi kyau, ƙarshe fuskoki su dagule kamar an shafa musu man shanu. Gwanin nan bai taɓa hoton ba, domin ya san DVD na karɓar ƙaramin hoton VCD yadda yake. Sauti ne ba ya karɓa. VCD na gutsura sauti sau 44,100 a sakan guda, DVD kuwa sai 48,000. In ba a daidaita ba, ko injin ya ƙi faifan, ko baki ya riga magana, ka ga maroƙi ya rufe baki kirari bai ƙare ba. Sautin kaɗai ya ware ya gyara, ya mayar da shi mazauninsa.

Menu kuma ba a cikin hoton yake ba. A jakar VIDEO_TS akwai manyan fayiloli, VOB, masu ɗauke da hoto da sauti, da wasu 'yan ƙanana, IFO, waɗanda su ne 'yan jagora: su ke gaya wa inji in an danna nan, tafi minti kaza. Masu kwafe manyan su bar ƙananan, su ne ke ba ka faifan da rimot ba ya jin maganarsa.

Amma abin da ya fi burge ni ba na'ura ce ta yi shi ba. Mutumin nan ya zauna ya kalli bikinmu daga farko har ƙarshe, yana rubuta mintoci a bayan kwalin sigari. Kwamfuta, in an bar ta, kowane minti goma za ta datsa, ko da liman na tsakiyar addu'a. Shi ya san inda kamu ya ƙare aka shiga yini, ya san kai amarya daban da buɗar kai. A faifan Gani ya raba fitowar sarki daga fada da jerin hakimai, ya bar algaita da tambari su kai aya kafin ya yanka. Da haruffan manhajar suka rasa ɗ mai lanƙwasa, da hannu ya zana mata ƙugiya, ya ce ba zai rubuta wa mutane "daurin aure" ba. Ya kuma janye rubutun daga gefen allo, saboda tsohuwar talabijin mai ƙeya tana cinye gefe.

A hankali ya buga faifan, bai yarda da gudun da kwamfuta ta ba shi ba. Bai kuma gwada shi a kwamfuta ba, wadda komai aka ba ta haɗiyewa take yi. Wani tsohon inji ɗan Chana ya janyo daga ƙarƙashin tebur, ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, sama, ƙasa, shiga, koma.

Da daddare na miƙa wa Hajiya rimot. Na ce, "Hajiya, sauka sau biyu, ki danna na tsakiya." Ta sauka, ta danna. Sai ga Baba cikin farar babbar riga, hannunsa cikin ƙwaryar goro. Ta kalla har ƙarshe, ta koma menu da kanta, ta sake dannawa.