Kalmomin Siyasar Duniya a Hausa: Tsokaci a kan Gadon Rediyo da Sakacin Jami'a

1.0 Gabatarwa

A jami'o'in Nijeriya da Ingilishi ake koyar da kimiyyar siyasa da dangantakar ƙasa da ƙasa. To amma ɗalibin da Hausa ce harshensa ba ya shiga aji da kai fayau. Tun yana yaro kunnensa ya cika da kalmomin siyasar duniya daga rediyo, musamman Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, kuma da waɗannan kalmomi yake fassara wa kansa abin da malami ya faɗa. Wannan maƙala za ta auna kaɗan daga cikinsu, domin a ga ko za su iya ɗaukar nauyin nazari.

2.0 Kalmomin da Rediyo ya Ƙirƙiro

Wajibi ne a fara da yabo. “Hawa kujerar naƙi” ta fi asalinta armashi, domin ta zana hoton abin da Amurka da Rasha da Sin da Birtaniya da Faransa kan yi idan ƙuduri bai yi musu ba. Haka “takunkumi”, wadda aka ɗauko daga bakin dabba aka ɗaura wa ƙasa. Mafassaran da suka yi wannan aiki cikin gaggawar labarai sun cancanci jinjina.

Sai dai gaggawar ta bar tabo. “Yaƙin cacar baka” na nuna wa mai sauraro cewa abin da ya gudana tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet har zuwa 1991 musayar zafafan kalamai ce kawai. Alhali a ƙarƙashin wannan gaba aka gwabza yaƙin Koriya daga 1950 zuwa 1953, aka zubar da jini a Biyetnam da Angola. Ɗalibin da ya riƙe ma'anar Hausar zai sha wuyar gane yaƙin da manyan ƙasashe kan yi ta hannun ƙanana. Irin wannan illa ce ke tattare da “Kwamitin Sulhu”. Babi na 7 na Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba kwamitin ikon amincewa da amfani da ƙarfin soja, kuma da ƙuduri mai lamba 678 na 1990 aka yaƙi Iraƙi a 1991. Mai sulhu ba ya ba da izinin yaƙi. “Kwamitin Tsaro”, wadda wasu kafofi ke amfani da ita, ta fi dacewa.

3.0 Matsalar “Ƙasa”

Babban cikas yana ga kalmar da fannin duka ya dogara a kanta. “Ƙasa” a Hausa na nufin turɓaya, da yankin da aka shata wa iyaka, da mutanen da ke ganin kansu abu guda, da kuma tsarin iko mai ɗorewa wanda gwamnatoci ke zuwa su wuce su bar shi. Masana siyasa kuwa rarrabe waɗannan ne darasinsu na farko. Yarjejeniyar Montebidiyo ta 1933 ta kawo sharuɗɗa huɗu na ma'anar ƙarshe: jama'a mazauna, da yanki sananne, da gwamnati, da ikon hulɗa da takwarori. Alal misali, lokacin da mulkin Siyad Barre ya faɗi a 1991, yankin Somaliya na nan, Somaliyawa na nan, tsarin ikon ne ya wargaje. Kurdawa kuma jama'a ce mai harshe da tarihi, amma a warwatse cikin Turkiyya da Iraƙi da Iran da Siriya. Idan aka ce “ƙasa ta rushe” a na farko, “ba su da ƙasa” a na biyu, an yi amfani da kalma ɗaya an ɓoye matsaloli biyu mabambanta.

“Daula” za ta iya ɗaukar ma'anar tsarin iko, kamar yadda take yi a Larabci, ko da yake kunnen Bahaushe ya saba jin ta a kan manyan masarautun da. Ga cikakken ikon da babu wani a samansa kuma, Hausar Nijar tana da “ɗiyauci”, wadda ta fi “'yancin kai” daidaito, tunda ita ta biyun ranar sauke tutar Turawa take tunawa mutum.

4.0 Ina Jami'a Take?

Sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999, kamar sashe na 51 na 1979, ya amince a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi. Ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu da aka buga a 1991 mataki ne, amma kalmomin zaman majalisa daban, kalmomin nazari daban. Su na biyun sai malamin harshe da malamin siyasa sun zauna tare, abin da bangon da ke tsakanin tsangayoyi ke hanawa.

Abin takaici, ma'adinin yana kusa. Manhaja kan tashi daga Aflatun ta bi ta Makiyabeli ta sauka a Wesfaliya ta 1648, ba kasafai take tsayawa a kan nasihar Almagili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ba, ko Liya'ul Hukkami na Abdullahi ɗan Fodiyo, ko Usulus Siyasa na Muhammadu Bello. Wasiƙun da Bello da Shehu Alkanemi na Barno suka yi musaya, waɗanda ke cikin Infaƙul Maisuri na 1812, muhawara ce a kan halaccin yaƙi tsakanin dauloli biyu maƙwabta. Da Larabci aka rubuta su, gaskiya ne, amma daga wannan al'adar ilmi Hausa ta samu “siyasa” da “mulki” da “hukuma” da “waziri” da “amana”. Mai neman kalmar Hausa ta yarjejeniyar zaman lafiya ko ta halaccin mulki, can ya kamata ya fara duba, kafin ya buɗe ƙamus ɗin Ingilishi.