Shiru Iri Biyu: George Smiley a Hannun Alec Guinness da Gary Oldman

Idan aka ambaci ɗan leƙen asirin Ingila a fim, James Bond ne ke fara faɗo wa mafi yawanmu a rai, da kwat ɗinsa da motarsa da bindigarsa. Ɗan wasan da aka ba wannan matsayi yana da madogara da yawa, domin ko fuskarsa ta gaza, mota za ta yi tsalle, gini zai kama da wuta, mai kallo kuma ba zai yi ƙorafi ba. George Smiley, tauraron da marubuci John le Carré ya ƙirƙira, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gajere ne mai ƙiba, da tabarau mai kauri da tufafi masu tsada waɗanda ba su taɓa zauna masa ba. Matarsa Ann tana cin amanarsa, kuma duk abokan aikinsa sun sani. Sana'arsa karanta tsofaffin fayiloli da sauraron mutane. Wanda zai fito a matsayinsa ba a bar masa komai ba sai fuska da shiru, don haka nake ganin babu inda ya fi dacewa a auna 'yan wasa biyu kamar nan.

Littafin da ake magana a kansa shi ne Tinker Tailor Soldier Spy, wanda ya fito a 1974. Jigonsa cin amana. An tilasta wa Smiley yin ritaya daga hukumar leƙen asirin Birtaniya, wadda littafin ke kira Circus, sai aka dawo da shi a ɓoye domin ya gano wanne ne daga cikin manyan jami'an hukumar yake yi wa Tarayyar Sobiyet aiki, a ƙarƙashin wani gwanin leƙen asiri na Mosko da aka sani da Karla. Le Carré bai ƙago wannan tsoro daga iska ba. Shi kansa ya yi aiki a hukumomin MI5 da MI6, kuma yana cikin aikin ne Kim Philby, babban jami'in da ya shafe shekaru yana miƙa wa Rasha asirai, ya tsere zuwa Mosko a 1963. A 1979 gidan talabijin na BBC ya mayar da littafin wasan kwaikwayo mai kashi bakwai, John Irvin ya ba da umarni, Alec Guinness ya fito a Smiley. A 2011 kuma Tomas Alfredson, mutumin Suwidin, ya mayar da shi fim na awa biyu da 'yan mintoci, da Gary Oldman a wannan matsayi.

Dole a faɗi tun farko cewa ba a ba su fili ɗaya ba. Guinness ya samu sama da awa biyar, Oldman bai kai rabin haka ba. Masu kallon Guinness kuma suna cikin yaƙin cacar baka tsundum. Makonni kaɗan bayan kammala nuna wasan, Firayim Minista Margaret Thatcher ta bayyana wa majalisa cewa Anthony Blunt, tsohon mai kula da zane-zanen Sarauniya, ya taɓa yi wa Sobiyet leƙen asiri. Masu kallon Oldman kuwa tarihi suke kallo, shekara ashirin bayan rushewar Sobiyet. Amma wannan bambanci bai isa ya bayyana abin da ya raba su ba. Abin da ya raba su shi ne amsar da kowannensu ya ba wata tambaya da littafin ya ƙi amsawa: shin Smiley mutumin kirki ne da ya faɗa cikin mugun aiki, ko kuwa mugun aikin ne ya samu mutumin da ya fi kowa dacewa da shi?

Guinness ya zo wa matsayin yana da shekara sittin da biyar, bayan ya yi suna a matsayin ɗan wasan da ke ɓacewa cikin duk rigar da aka sa masa. Shi ne ya fito a mutum takwas 'yan gida ɗaya a fim ɗin Kind Hearts and Coronets na 1949. Kafin a fara ɗauka, le Carré ya haɗa shi cin abinci da Maurice Oldfield, tsohon shugaban MI6, domin ya ga yadda irin waɗannan mutane suke zama da tashi. Abin da ya fito da shi daga ƙarshe shiru ne na mai sauraro. Smiley ɗinsa yakan zauna gaban mutum, ya lumshe ido kamar mai gyangyaɗi, ya cire tabarau ya goge da bakin laktayensa, ya jefa ƙaramar tambaya cikin murya mai laushi, sa'annan ya jira. Jiran nan ne tarkon. Mutumin da ke gabansa yakan ji nauyin shirun ya yi masa yawa, sai ya yi ta zuba har ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Idan ya mayar da tabarau kan hancinsa ya ɗago kai, idanun da ke bayan gilashin sun riga sun sauya, babu sauran gyangyaɗi a cikinsu. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Guinness yana buɗe fuskar ne na daƙiƙa ɗaya ya rufe, kuma a wannan daƙiƙar mai kallo yakan ga abu biyu tare, kaifin basira da tsohon ciwo.

Oldman ya zo ta wata hanya. An san shi da fitowa a mahaukata da 'yan ta'adda masu ihu, irin su Sid Vicious da Dracula da lalataccen ɗan sandan nan na fim ɗin Léon. Mai kallo yana shiga da wannan sani, fim ɗin kuma ya ci moriyarsa. An yi nisa da farawa kafin Smiley ya furta kalma ɗaya. Muna ganinsa yana iyo a tafki cikin sanyi da kansa a miƙe, yana gwada sabon tabarau, yana zaune shi kaɗai a gidan da matarsa ta bari. Akwai wata ƙaramar fitowa a cikin mota, inda wani ƙwaro ya shigo yana damun mutane, sauran suna kai masa duka suna kuskure. Smiley ya bi shi da ido kawai, da lokaci ya yi ya sauke gilashi, ƙwaron ya fice. An faɗi halin mutumin gaba ɗaya ba tare da magana ba. Shirun Oldman shiru ne na wanda ya danne wani abu, irin na macijin ƙaiƙayi, wanda ba ka sanin yana nan sai ka taka.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne labarin haɗuwar Smiley da Karla, kuma a nan nake son in daɗe. Shekaru da dama kafin abubuwan da ke cikin littafin, an tsare Karla a wani kurkuku a Delhi ta Indiya, aka tura Smiley ya lallashe shi ya sauya sheƙa, tun da idan ya koma Mosko ana kyautata zaton kashe shi za a yi. Smiley ya yi ta magana, Karla bai ce uffan ba. Cikin neman hanyar shiga zuciyarsa, Smiley ya riƙa yi masa zancen matarsa, bai ankara ba ashe zancen tasa matar yake yi. Ya miƙa masa taba da abin kunna ta, wanda Ann ta ba shi kyauta da sunanta a rubuce. Karla ya tashi da abin a hannunsa, ya koma Mosko. Mai tambaya ne ya fallasa kansa, kuma da wannan rauni Karla ya yi amfani daga baya: ya sa maci amanar, Bill Haydon, ya nemi Ann, domin duk zargin da Smiley zai yi masa ya zama kamar kishi ne.

Wasan BBC ya nuna haɗuwar a zahiri. Mun ga ɗakin da zafinsa, mun ga Karla, wanda Patrick Stewart ya fito a matsayinsa bai furta komai ba, mun kuma ga Guinness yana roƙo. Wannan ne kaɗai wurin da aka juya masa makaminsa: gwanin shiru ya gamu da wanda ya fi shi, ya zama shi ne mai zuba. Da yake ba mataimakinsa Peter Guillam labarin, kunya ce ke fita a muryarsa, kunyar malami da ya fāɗi jarrabawar da shi ya saba shiryawa. Fim ɗin 2011 bai nuna komai ba. Oldman yana zaune a ɗakin otal da dare, ya sha giya, sai ya juya ga kujerar da babu kowa a kai ya fara yi mata magana kamar Karla na zaune, har fuskarsa ta cika allon ta fuskanci mai kallo. Fitowa ce mai ban tsoro, kuma a ganina ita ce mafi kyawun abin da Oldman ya yi a fim ɗin. Sai dai abin da take nunawa daban ne. Smiley na Guinness yana tuna ranar da ya yi rashin nasara. Na Oldman yana tuna ranar da ya samu abokin gaba, kuma ana jin cewa tun daga ranar yake wasa wuƙarsa.

Haka abin yake a yadda kowannensu ya matsa wa Toby Esterhase, jami'in nan ɗan asalin Hangare da ya bi ɓangaren masu rinjaye don tsira da matsayinsa. Guinness ya zaunar da shi a ɗaki, ya warware masa makircin zare bayan zare, cikin ladabi, har Toby ya gane da kansa cewa an yi amfani da shi. Oldman ya kai shi filin jirgin sama, ya tsaya yana kallonsa yayin da wani jirgi ke sauka a bayansu, ya bar shi ya fahimci cewa za a iya mayar da shi inda ya gudo; Toby ya fashe da kuka. Dukansu sun samu adireshin da suke nema, amma na farko ya samu ta hanyar hujja, na biyu ta hanyar tsoro.

A nan zan yi wa Oldman adalcin da masu ƙaunar Guinness ba su cika yi masa ba. Akwai haɗari a wasan Guinness: yana sa mu ƙaunaci Smiley fiye da kima. Muryarsa mai daɗi da kamanninsa na kaka mai haƙuri suna iya mantar da mu cewa wannan mutum yana amfani da mutane ya yar. Oldman bai bari mu manta ba. Lokacin da Ricki Tarr, ƙaramin jami'in da ya kawo labarin maci amanar, ya nemi a ceto masa Irina, matar Rasha da ya so, Smiley ya yi masa alkawarin yin iya ƙoƙarinsa, alhali yana da dalilin sanin cewa an riga an kashe ta. Fuskar Oldman ba ta motsa ba. Wannan rashin imani yana cikin Smiley na le Carré, kuma littattafan da suka biyo baya sun tabbatar da shi, domin a Smiley's People ya kayar da Karla ne ta hanyar ƙaunar da Karla ke yi wa 'yarsa marar lafiya, wato da irin makamin da aka sare shi da shi.

Duk da haka Guinness na fi zaɓa, kuma dalilina yana ƙarshen labarin. A duka biyun an kama Haydon, an ba Smiley riƙon hukumar. Fim ɗin 2011 ya rufe da Oldman yana shiga ɗakin taro cikin sabuwar kwat, ya zauna a kujerar shugaba, waƙar La Mer tana tashi da muryar Julio Iglesias, har da tafi a ƙarshenta. Ana iya cewa da gatse aka yi, amma jikin Oldman bai nuna gatse ba. Mutum ne da ya ƙwato abin da yake ganin nasa ne. Ann kuwa, kamar Karla, ba a taɓa nuna fuskarta sosai ba, ta zama wani abu da ya dawo gida tare da kujerar. Wasan BBC ya rufe a wani wuri dabam. Smiley ya je ƙauye wurin Ann, wadda Siân Phillips ta fito a matsayinta, suka yi tafiya a fili, ya tambaye ta ko ta so Haydon. Ta amsa masa, sa'annan ta dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa yaro. Mutumin da ya warware makircin da ya gagari hukuma guda ya tsaya yana ƙifta ido a bayan tabarau, bai fahimci matar da ya aura ba.

Wannan tsayuwa ita ce littafin. Le Carré ya rubuta labarin ƙasar da daularta ta ƙare, da jami'an da aka horar don mulkin duniya suka wayi gari suna gadin kango, da wani mutum da ya ci nasara a yaƙin da bai tabbata ya cancanci a yi shi ba. Haydon abokin aikinsa ne na shekaru, kuma kama shi bai mayar wa kowa da komai ba. Oldman ya nuna mini yadda Smiley ya yi nasara, ya kuma cancanci sunan da aka sa masa cikin 'yan takarar Oscar, karo na farko a rayuwarsa. Guinness ya nuna mini abin da nasarar ta ci masa. Le Carré da kansa ya sha faɗin cewa bayan 1979 ya kasa ganin Smiley a zuciyarsa ba tare da fuska da muryar Guinness sun shiga tsakani ba, har hakan ya dagula masa rubutu game da tauraron da shi ya haifa.