Somin-Taɓi ko Alama? Tsokaci a Kan Fassarar Wani Salon Maganar Ingilishi

Masu fassarar labarai sukan haɗa wasu maganganun Ingilishi guda biyu su yi musu kuɗin goro, wato "a taste of things to come" da "the shape of things to come". Ta biyun ta daɗa yaɗuwa ne bayan H. G. Wells ya sa wa littafinsa na 1933 wannan suna. Ma'anarsu kuwa ba ɗaya ba ce. Ta farko tana nufin abin ya riga ya soma, an sami wani yanki nasa, saura na tafe. Ta biyu tana nufin abin bai iso ba tukuna, kamanninsa kawai aka hango.

Hausa ta tanadi wa kowacce gurbinta. Ta farko ita ce somin-taɓi. Ta biyu kuwa alama ce, kuma a nan ne Bahaushe yake cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Laraba ba yankin Juma'a ba ce, nuni kawai take yi.

Inda na fi samun matsala shi ne fassarar kalma da kalma. Dubi waɗannan:

(1) Wannan ambaliya ɗanɗanon abubuwan da za su zo ce.
(2) Wannan ambaliya somin-taɓi ce.

Jimla ta (1) ba ta saɓa wa nahawu ba, amma ta kauce wa manufa. A wajen Bahaushe ɗanɗano shi ne ɗan abin da mai talla ke miƙa maka, in ya yi maka ka saya, in bai yi ba ka wuce. Akwai zaɓi a cikinsa, har da daɗi. Ruwa kuwa ba ya ba mutum zaɓi. Da na je gida Sakwa hutun damina, na karanta wa wani dattijo manomi jimlolin biyu. Ta farko ta ba shi dariya, ya ce, "Malam, ruwan ma ɗanɗana shi ake yi?" Da ya ji ta biyu sai ya yi shiru, sannan ya shiga lissafin buhunan geron da ke ɗakinsa na bakin fadama.

Sai dai somin-taɓin ma ana zaluntarsa. Na sha jin an kira hasashen masana yanayi somin-taɓi tun hadari bai haɗu ba. Wannan kuskure ne, domin ba a taɓa komai ba tukuna. Hasashe alama ce, sai ruwan farko ya ci gonar wani sannan a ce an ga somin-taɓi.