Wa Yac Ci? Kallon Wasannin Ƙanƙara a Bakin Iyaka

Washegarin ranar da Senegal ta doke Masar a bugun fenariti ta ɗauki kofin Afirka, wato Litinin 7 ga Fabrairun 2022, gidan kallon unguwarmu a Darna Sabon Gari ya koma kamar gidan biki bayan an kai amarya. Bencina a warwatse, ɓawon gyaɗa da ledojin ruwa ko'ina, ga hazo ya lulluɓe gari. Mu bakwai ne ko takwas muka shiga bayan la'asar, don ƙafa ta saba kawai, tunda babu wani wasa. Mai gidan ya riga ya tada janareta saboda cajin wayoyi, sai ya ce tunda mai na ƙonewa bari a kunna talabijin. Ya yi ta latsa rimot har ya faɗa kan wata tasha da ke maimaita wasannin Olamfik na hunturu da ake yi a Beijin.

Wani mutum muka gani ya sulalo daga kan dutse, dogayen alluna biyu ɗaure a ƙafafunsa, hular kwano a ka, tabarau ya rufe masa rabin fuska. Cikin minti ɗaya da daƙiƙa arba'in da 'yan kai ya iso ƙasa, ya ɗaga kai yana duban allon lokaci. Wani ya biyo baya, ya bi hanyar da na farko ya bi, ya karkata inda na farko ya karkata, shi ma ya ɗaga kai. A na biyar ne wani dattijo, dillalin shanu a kasuwar Lahadi, ya gyara mayafinsa ya dubi yaron da ke kusa da shi.

"Kai yaro, wanga da yaf fito yanzu, ba shi na ɗazu ba?"

"A'a Baba, wani na daban."

"To wa yac ci?"

"Ai agogo ka faɗi, Baba."

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ashe da agogo su ka kokowa." Ya lalubi takalmansa ya fita.

Tun daga ranar nake juya maganar dattijon nan, kuma har yau ban ga inda ya yi kuskure ba. Galibin wasannin ƙanƙara da ake nunawa a talabijin suna da gundura, kuma dalilin shi ne wanda ya faɗa. Tseren da muka kalla ran nan Beat Feuz na Siwizalan ne ya ci shi, ya riga Johan Clarey na Faransa, mai shekara 41, da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Wace ido ce za ta ga wannan tazara, alhali mutanen biyu ba su ma sauko tare ba? Kana zaune ne kana kallon lamba a kusurwar allo, ta yi kore ka ce yana gaba, ta yi ja ka ce an bar shi. Da za a rufe hoton gaba ɗaya a bar lambar, ba abin da zai ragu daga abin da ka fahimta.

Kada a ce na raina 'yan wasan. Mutumin da zai gangaro daga kan dutse da gudun da ya haura kilomita 120 a awa, ba birki ba ƙofa, ya fi ni zuciya nesa ba kusa ba. Direban da ya fi kowa ganganci a hanyar Illela zuwa Sakkwato yana da ƙarfe kewaye da shi. Wannan ba shi da komai sai hular kwano da riga mai kama jiki. Matsalar ita ce talabijin na cinye haɗarin kafin ya iso gare mu. Kyamara na shimfiɗe gangare ya zama kamar fili, fari a sama fari a ƙasa, babu bishiya ko jaki a gefen hanya da za ka auna gudun da shi. Fuska kuma a rufe take, ba ka ganin tsoro, ba ka ganin fushi. A Beijin ma abin ya ƙara lalacewa, don annobar korona ta hana a cika wuraren kallo, kuma kusan duk dusar ƙanƙarar da injina aka yi ta. In kyamara ta ja baya sai ka ga duwatsu busassu irin namu, an ratsa musu farin ƙyalle ɗaya daga sama zuwa ƙasa.

Mu ma ai muna da wasan hunturu, sai dai namu a kan rairayi ake yin sa. In an gama kaka, gero ya shiga rumbu, sanyi ya sauko, lokacin kokawa ya yi ke nan. Kuma mu mutanen bakin iyaka Allah ya haɗa mu da maƙwabta waɗanda suka mai da kokawa abin ƙasa. Tun 1975, zamanin Seyni Kountché, Nijar ke shirya gasar kokawa ta takobi. A Tawa aka fara, Kantu na Maraɗi ya fara ɗauka. Yanzu jihohi takwas ne, kowace da 'yan kokawa goma, mutum 80 ke nan suna neman takobi ɗaya, Télé Sahel na nunawa kai tsaye. A kwanakin nan in ka bi ta tasha ko bakin kasuwa a Illela, da wuya ka wuce shago uku ba ka ji gangar kokawa na tashi daga talabijin ko waya ba. Ƙonni, da ke nan kusa da mu, a jihar Tawa take, saboda haka ba sai an tambayi yawancinmu wa muke goyon baya ba. Ko a Disambar 2023, da aka yi gasar a Agadas iyaka na rufe bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar, kwastan ba su iya tare hoto ba. Mun ga Issaka Issaka na Doso ya ɗauki takobinsa na shida. Da shekara ta zagayo kuma, aka je Doso, Abba Ibro na Tawa ya raba shi da takobi a gidansa. Ran nan har waɗanda ba su san sunan gwamnan Tawa ba sun yi ihu.

Dubi abin da allo ke ba ka a kokawa. Mutum biyu, fuska a buɗe, gumi na zuba, layu da guraye a damtse. Kafin ma su kama juna an yi kirari, makaɗa sun zuga, 'yan cali-cali sun ba da dariya. Kana ganin lokacin da ƙafar ɗaya ta fara rawa, kana ganin ɗayan ya gane. In kaye ya zo, jikarka 'yar shekara biyar ta san wanda ya faɗi, ba sai an kira mai lissafi ba. Tambayar dattijon nan, wa yac ci, ƙasa ce ke amsa ta a gaban kowa.

Wani abokina malamin makaranta ya ƙalubalance ni a kan wannan. Ya ce rashin sani ne kawai ke damuna: wai kowane yaro a Darna ya taɓa kokawa a rairayi, shi ya sa in muna kallo cinyoyinmu ke ɗaurewa tare da na ɗan wasa, amma ƙanƙarar da muka sani ita ce ta sanyaya zoɓo da azumi, sai kuwa wadda ke faɗowa jefi-jefi da ruwan farko ta ɓata shuka. Ya ce ɗan Norway, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba amma ta kwashe zinare 16 a Beijin, yana tasowa ne da allunan nan a ƙafa, don haka yana ganin abin da ba na gani. In ka zaunar da shi gaban kokawa, zai ce ƙarti biyu ne suka sunkuya suna taɓa hannun juna minti goma. Na yarda da rabin maganarsa. Abin da jiki ya sani ido ya fi saurin karantawa.

Sauran rabin kuwa, wasan tura dutse ne ya hana ni yarda. Bayan kwana biyu ko uku da wancan zama, tashar ta nuno wasu mutane suna tura wani dutse mai mariƙi a kan ƙanƙara, biyu na binsa da tsintsiya suna shara kamar za a yi baƙi. Muka fashe da dariya. Wani ya ce ga aikin da matarsa za ta ciyo wa Najeriya zinare. Amma ba a yi rabin awa ba dariyar ta mutu, aka fara gardama. Dutsen yana da nauyin kusan kilo 20, kowane ɓangare na da guda takwas, ana son naka ya fi na abokin hamayya kusa da tsakiyar da'irar da ke can ƙarshen fili. Sharar nan da muka raina ita ke sa dutse ya ƙara nisa ya kuma rage karkata. Kana iya ajiye dutse a gaba ya zama garkuwa, kana iya bugun na abokin gaba ka fitar da shi, kana iya sadaukar da naka yau don ka samu jifan ƙarshe a zagaye na gaba. Wani tsoho da ke yini a gindin bedi yana dara shi ya fara ganowa. Ya ce, "Wagga ai dara ta, sun dai rasa ƙasar gina gurabu." Daga nan ya karɓe sharhi daga hannun Baturen da ke magana, yana faɗin inda ya kamata a sa dutse kafin a sa, in aka saɓa masa ya yi tsaki ya ce yaran ba su da haƙuri. Mutumin nan bai taɓa taka ƙanƙara ba. Abin da ya gani shi ne mutum na yi wa mutum dabara, fuska a buɗe, kowa na jiran kuskuren ɗan'uwansa, kuma wannan yare ne da ya iya.

Haka wasan da ake haɗa gudun zamiya da harbin bindiga. Gudun kansa ba abin kallo ba ne, mutane ne ke ta tuƙa sanduna cikin daji. Amma in suka iso wurin harbi tare, numfashi na fita kamar na doki, kowa ya ɗaga bindiga ya nufi maki biyar a nisan mita 50, sai ka ga gidan kallo ya yi tsit. Wanda ya kuskure ɗaya sai ya yi zagayen horo na mita 150 yana kallon abokansa na tafiya. Mutum na iya zuwa yana gaba ya bar wurin yana na goma, kuma ka ga dalili da idonka. Wasan sanda na kan ƙanƙara ma da ya yi daɗi, don akwai ture da gwabzawa, sai dai ƙwallon ƙanƙanuwa ce baƙa, a talabijin ɗin gidan kallo ba ka ganin ta sai an ce ta shiga raga. Rawar kan ƙanƙara kuwa ba mu daɗe a kanta ba. Shigar matan ta sa mai gida ya canza tasha tun kafin manya su yi magana, kuma ko ba don haka ba, wasan da alƙalai ke ba da maki ba ya shiga raina. A 2002, a Salt Lake City ta Amurka, rigimar maki ta kai sai da aka ba ɓangare biyu zinare a gasa ɗaya.

Akwai masu cewa in da namu a ciki da mun kalla. An gwada. A 2018, a Koriya ta Kudu, Najeriya ta fara shiga wasannin hunturu: Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a amalanken ƙanƙara, su ne tawagar Afirka ta farko a wannan wasa, sai Simidele Adeagbo da ke kwanciya rub da ciki a kan ɗan faranti ta gangaro da ka. Labarinsu na da daɗin ji, musamman yadda Adigun ta ƙera amalanken katako a Houston suka riƙa atisaye da shi, ba ƙanƙara ko ta shan ruwa. Sun zo na ƙarshe, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Amma kallon kansa fa? Wani abu kore ya wuce fuu cikin kwararo, hula biyu sun leƙo, lamba ta fito. Tuta ta sa na tsaya, ba ta sa na ga komai ba. A Beijin ma Samuel Ikpefan, haifaffen Faransa, ya wakilce mu a gudun zamiya, kuma a gidan kallonmu ba wanda ya san an yi.

Abin da ya fi damuna ma yana gida. Ciwon agogon nan ya fara taɓa kokawar talabijin. Sau nawa muka zauna muna kallon manyan 'yan kokawa biyu sun kafa kai da kai, kowa na tsoron kai hannu, suna jan lokaci har alƙali ya fara rabon gargaɗi? Kuɗi da motoci sun shigo, faɗuwa ta yi tsada, sai kowa ya koma tsaron gida. Ranar da aka wayi gari ana raba kokawa da lissafin gargaɗi fiye da kaye, dattijon nan zai sake lalubar takalmansa, kuma wannan karon daga gaban namu wasan zai tashi.

Da aka yi wasannin Olamfik na hunturu na Italiya a Fabrairun 2026, a Milan da Cortina, ƙarshensu ya haɗu da farkon azumi, ban ko nemi tashar ba sai ranakun tura dutse da na harbi. Ga masu gidajen kallo na Illela, shawarata ke nan in an zo na 2030 a Faransa: ku kunna mana waɗannan biyun, ku aika a kira 'yan dara su zauna a benci na gaba. In aka koma masu tsere da agogo, ku kashe janareta, mai ya yi tsada.