Kama da Wane Ba Ta Wane: Tarken Ginin Taurari a Wasan Dodo na Zangon Wagadugu

1.0 Gabatarwa

Ɗaliban adabi sun saba nazarin taurari a rubutaccen wasan kwaikwayo, inda marubuci ya riga ya yanke wa kowane tauraro hali da kalamai tun kafin a samo wanda zai fito a matsayinsa. Wanda duk ya karanta Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ya san wannan tsari. Amma akwai wani rukunin wasanni da ɗan wasa ne da kansa yake gina tauraronsa, ya shiga rigarsa, ya yi ta sarrafa shi ba tare da rubutaccen zance ba. A irin wannan rukuni tambayoyi biyu kan taso. Ta farko, yaya za a raba ƙarfi da rauni tsakanin taurari don kada ɗaya ya danne saura? Ta biyu, wane gwargwado ya kamata tauraro ya yi kama da wanda yake ɗauke da shi? Wannan takarda ta ɗauki wasan dodo na birnin Wagadugu a ƙasar Burkina Faso, ta auna shi da wasu wasannin tebur na Amurka waɗanda suka yi ƙoƙarin amsa tambayoyin nan da lissafi.

2.0 Zangon Wagadugu da Wasan Dodo

Fataken Hausawa masu bin hanyar goro zuwa Gwanja sun daɗe suna ratsa ƙasar Mosawa, wasunsu kuma suka yada zango a Wagadugu har suka zaune. Unguwarsu ita ce aka sani da Zangouettin, sunan da ya samo tushe daga kalmar zango. Ta hannun waɗannan baƙi ne wasan dodo ya shiga birnin a ƙarni na 19. Daga baya yaran Mosawa suka karɓe shi, ya zama nasu.

Wasa ne na daren azumi, wato ɗan'uwan tashe ne na jini. A bayanin da Priscilla Hinckley ta buga a mujallar African Arts a 1986, ƙungiyar dodo ta yara maza ce, kuma ta ƙunshi mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi da masu rawa cikin shigar dabbobi, sai maharbi. Masu rawa kan rufe fuska da ƙwarya ko wani abin da suka sassaƙa suka yi wa fenti, su ɗaura akayau a ƙafa, su riƙe sanduna biyu a madadin ƙafafun gaba na dabba. Sukan bi gida-gida, masu gida su sallame su da abin da ya sawwaƙa.

Labarin da ake bayarwa na asalin wasan ya cancanci a tsaya a kansa. An ce wani maharbi ne ya fita farauta ranar Juma'a alhali an hana shi, ya yi kisa, sai ya rikiɗe ya zama wata halitta mai wutsiya, ba mutum ba ba dabba ba. Malamai za su karanta labarin a matsayin gargaɗi kan keta alfarmar Juma'a, kuma daidai ne. Manazarcin wasan kwaikwayo kuwa zai hango wani abu daban: mutum ne ya shiga siffar abin da yake bi, ya kasa fitowa. Ke nan wasan da kansa ya ɗora tubalinsa a kan tambayar nan ta biyu.

3.0 Daidaito da Lissafi

A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane ne kan zauna a tebur, ɗaya ya zama jagoran labari, saura kowa ya ɗauki tauraro guda yana faɗin abin da tauraron zai yi. Ana gina tauraro ne da sifofi shida: ƙarfi da kaifin ƙwaƙwalwa da hikima da juriya da zafin nama da kwarjini. Domin kowace sifa, sai a jefa 'ya'yan ludo uku masu fuska shida-shida, a haɗa abin da ya fito, wato daga 3 zuwa 18. Hanyoyin da jifan zai iya faɗuwa 216 ne, kuma ɗaya tak daga cikinsu ke ba da 18. Sa'a ce zalla, don haka yakan faru wani ya tashi da gwarzo, na kusa da shi ya tashi da raggo.

Masu tsara wasan sun nemi daidaito ta wata fuskar. Mayaƙi yana sa sulke ya riƙe kowane makami. Mai sihiri ba ya sa sulke, makaminsa ɗan wuƙa ne, kuma a matakin farko sihiri ɗaya kawai yake iya yi kafin ya huta, sai dai idan ya rayu yakan zo ya fi mayaƙin. Wasannin da suka biyo baya, irin su Champions na 1981 da GURPS na 1986, sun ajiye sa'a suka koma ciniki: a ba kowa maki daidai ya sayi sifofin da yake so, wanda ya yarda ya ɗora wa tauraronsa wani aibi kuma a ƙara masa maki.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya tashi da tatsuniya. Kura tana da ƙarfi amma ga kwaɗayi da wauta, Gizo ba shi da ƙarfin komai amma ga wayo, wayon ma yakan ja masa. Bambancin shi ne, tatsuniya ba ta taɓa cewa wayon Gizo ya yi daidai da ƙarfin Kura a kan sikeli ba. Abin da ta tabbatar shi ne kowannensu yana da wurin da labari ba zai wuce ba sai da shi.

A nan ne wasan dodo ya yi wa lissafin fintinkau. Idan aka rubuta taurarinsa a takarda, babu daidaito ko kaɗan: maharbi ne ke da makami, dabbobi abin harbi ne. Amma a fage, idon 'yan kallo yana kan dabbobin, domin su ne ke da fuska mai ban mamaki, su ne ke da rawa da ƙarar akayau. Maharbi ya sami iko a cikin labari, dabba ta sami kallo, mawaƙi ya sami murya, makaɗi kuwa shi ne ke riƙe da ƙafar kowa, in ya tsaya wasa ya tsaya. Abin da aka raba a nan rabon fage ne, kuma shi ne ainihin abin da masu ƙidayar maki ke nema. Tauraro biyu na iya yin daidai a maki, amma in jagoran labari ya cika daren da yaƙe-yaƙe, mai tauraron da ya iya magana zai kwana yana hamma.

Ba a ce rabon ya game kowa ba. 'Yan amshi suna samun kaso mafi ƙanƙanta, 'yan mata kuma ba su cikin masu sa fuska. Ta wannan gefen tashen ƙasar Hausa ya fi yalwa, tunda 'yan mata suna da nasu wasannin, kamar Mairama da Daudu, inda yarinya kan sa rigar maza ta fito a matsayin miji.

4.0 Kama Tsakanin Tauraro da Ɗan Wasa

Akwai wasan tebur da ya kai kama ƙarshenta. A Villains and Vigilantes na 1979, an nemi ɗan wasa ya fito a matsayin kansa: a ƙiyasta ƙarfinsa da basirarsa na zahiri a mayar da su lamba, sannan a ƙara masa baiwar jarumta. Matsalar a fili take. Ranar da abokai suka zauna don yanke wa ɗayansu makin hankali, zumunci ya shiga haɗari. Haka kuma duk kayen da tauraro ya sha, mai shi ne ya sha, babu labulen da zai ɓuya a bayansa.

Idan aka koma ɗaya ƙarshen, akwai mai kunya da ya ɗauki tauraro mai kwarjini 18. Ɗan ludo zai iya yanke cewa jawabinsa ya ratsa zuciyar sarki, amma jawabin dole ya fito daga bakin da ba ya iya haɗa jimla biyu a gaban mutane. Lamba ta rufe giɓin a takarda, ba ta rufe shi a kunne ba.

Wasan dodo ba shi da ɗan ludo da zai yi wa kowa lamuni. Yaron da ya ɗauki siffar biri dole jikinsa ya iya tsalle, wanda ya ɗauki waƙa dole ya kasance da murya. Ta fuskar iyawa, kama wajibi ce. Ta fuskar matsayi kuwa, nisa ake so: yaron da da rana ba ya iya ɗaga ido a gaban dattijon unguwa, da dare ya shiga gidan dattijon yana gurnani, a yi dariya, har a ba shi kyauta. Tashen Tsoho da Gemu ya ƙara fito da wannan. Daɗinsa duka yana cikin ganin ɗan yaro da gemun auduga yana dogara sanda. Da tsoho na gaske ne ya zo ƙofar gida yana rangaji, da an kira abin bara.

Talabijin ta Hausa ta ba da misalai na ɓangarorin biyu. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, ya yi aikin soja kafin duniya ta san shi da Samanja Mazan Fama. Daga bariki ya ɗebo tsawa da tsayuwa da Hausar soja, waɗanda ba a koyonsu a rana ɗaya. Amma ya kambama su har suka zama abin dariya, kuma a wannan kambamawar ne tazarar take. Rabilu Musa kuwa, wanda ya rasu a 2014, sunan Ibro ya haɗiye nasa, har ya zamana da wuya masu kallo su karɓe shi a wata riga. Ba tare da an matsa kwatancin ba, akwai ɗan ƙamshin labarin maharbin nan na ranar Juma'a.

4.1 Wa Ke Auna Kamar?

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, kama da rashin kama ba sa aiki sai da ɗan kallon da ya san fuskar da ke ƙarƙashin ƙwarya. Matar gidan da ta gane ɗan maƙwabciyarta daga tafiyarsa, ta kuma yi kamar ba ta gane ba, tana kallon abu biyu a lokaci guda: zakin da kuma yaron da ta aika kasuwa da safe. Dariyarta daga tsakanin su biyun take fitowa. Haka abin yake a tebur, inda jin daɗin ganin mai haƙuri ya fito a mafaɗaci ya dogara ga sanin haƙurinsa.

Saboda haka, lokacin da aka fara hawa da dodo kan dandamali ana shirya masa gasa, wani abu ya sauya a ginin taurarin ko da kiɗa da rawa ba su sauya ba. Alƙalin gasa bai san ɗan wane ne a ciki ba. Abin da yake iya aunawa shi ne kyan fuska da tsarin rawa, don haka nauyi ya koma kan kayan shiga, ƙungiyar da ta fi hali kuma ta fi samun dama. Ita ma unguwar da ta fara karɓar wasan ba ta nan yadda take: a 2003 aka rushe Zangouettin tare da wasu tsofaffin unguwannin tsakiyar birni a ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka ba mazauna filaye a wasu wurare, ciki har da gefen Ouaga 2000. Ɗalibin da zai je nazarin dodo a Wagadugu yana iya ɗaukar hoton fuskoki ya naɗi waƙoƙi, amma tambayar da za ta fi yi masa amfani ita ce wadda zai yi wa tsofaffin matan da suka zauna a Zangon: ta yaya suke gane yaron da ke cikin kowace dabba, kuma me sukan ce masa washegari idan ya zo gaishe su?